Sharar Bodin Katako

Ni na zaɓi katako. Da wannan nake so in fara, domin maigidana duk wanda ya tambaye shi abin da ya sami 'yar autarmu sai ya ce shi ne, shi ya ɗauki kayan da bai kamata ya ɗauka ba. Mun fi shekara goma muna wannan ja-in-ja, kowa yana jawo laifin wajensa kamar wani abin gado. Shi direba ne, in ka ga ya kama biro to lambar waya zai rubuta. Ni kuwa na koyar a firamare har alli ya ci mini yatsu, saboda haka tawa ce za ta zauna a takarda.

Tun kafin ya aure ni yake tuƙa manyan motocin mutane. Ya tuƙa ta wani mai hatsi a nan Anka, ya tuƙa ta wani mai shanu a Gummi, kuma kullum maganarsa ɗaya ce, ranar da zai riƙe makullin da ba wanda zai aiko a karɓa. Ranar ta zo bayan ya sayar da fadamar da ya gada da shanun hudarsa biyu. Motar da ya samo ta hannu ce, kai ne da ƙashin baya kawai, babu bodi. Da ya tsayar da ita ƙarƙashin dogon yaron da ke bayan gidanmu, na leƙa ta katanga na tambaye shi ina ya samo figaggiyar kaza. Bai ji haushi ba. Ya daki taya da ƙafa ya ce in saurari injin, sai ka ce na san abin da ake saurare.

Sai aka zo kan suturar da za a yi mata. Hanya uku ce a gabansa. Ko ya sa mata bokitin tifa ya riƙa ɗibar yashi, kullum ya kwana gida, amma da ruwa ya sauka gini ya tsaya shi ma ya tsaya. Ko ya kai ta wajen masu walda su yi mata bodin ƙarfe. Ko kuma kafinta ya yi mata na katako irin na da. Kwana da kwanaki yana zana su da tsinke a ƙasa yana gogewa. Ƙarfe yana da nauyi, nauyin nan kuma daga kaya ake rage shi, in rana ta buɗe kuma yakan dafa albasa da tumatir tun ba a kai kasuwa ba. Katako yana shan iska, shanu ba sa zamewa a kansa, in ya karye kowane gari akwai mai guduma da ƙusa. Duk da haka hankalinsa ya fi kwanciya da ƙarfe, dalilinsa kuma ɗaya ne.

"Ƙarhe bokitin ruwa guda ka wanke shi," ya ce. "Katako ko, abin da yas sha ya sha."

Da na kama bakina a nan, da yanzu wani labarin nake rubutawa. Amma ni ba a san ni da shiru ba, kuma ina da tawa a ciki.

A wajenmu, hatsin da ya tsiyaye daga buhu ya zube a cikin mota na mai mota ne. Ba sata ba ce, ba roƙo ba ne, ɗan kasuwa ya sani, 'yan dako sun sani. Buhu ba ya rasa ɓula, hanyoyinmu kuma ba sa rasa rami, don haka duk motar da ta yi kasuwa tana dawowa da abin da za a share. Sharar mota muke ce masa. Duk shekarun da mijina ya yi yana tuƙa wa mutane, sharar nan gidan mai mota take zuwa. Shi yake kwana a hanya, wata take bakace. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na kuma sani a kan ƙarfe hatsi ba ya zama, gangarewa yake ya fita ta baya, a kan katako ne yake maƙalewa a kusurwa da tsakanin allo da allo.

"Maigida," na ce, "motar da ba ta kawo shara gida, mi amfaninta gare ni? Kai ka sha iska bisa hanya, ni in sha mi?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ashe ba motar kike so ba, shara kike so."

"Awo. Kuma ka ce ma kahinta shi toshe tsakanin katakai ta ƙasa, kada ƙwara guda ta hwaɗi bisa hanya. Ba mu muka ciyar da tsuntsayen Bukkuyum ba."

Haka aka yi. Kafinta ya bi kowace mahaɗa ta ƙasa ya buga mata siririn katako, har ya aiko a gaya mini ko allura ta faɗa ba za ta kai ƙasa ba. Na ji daɗi, na aika masa da fura.

Shekarun farko ban taɓa jin daɗin aure kamar su ba, kuma ba zan ɓoye ba. In ya dawo ya tsayar da mota a gindin dogon yaro, washegari da sassafe kafin in tafi makaranta sai in ɗauki tsintsiya da faifai in fita ta ƙofar baya. Nakan share, in bi mahaɗun nan da tsinke in fito da abin da ya shige, in tara a kwano. Gero da dawa da wake da gyaɗa duk a cakuɗe. Daga sharar nake karanta inda ya je. In na ga shinkafa mai ƙaiƙayi da ɓawon albasa, Gummi ce. In wake ya yi yawa, ƙauyukan Bukkuyum ne. Wata rana ya ce mini a Gummi ya kwana, na nuna masa faifai babu ko ƙwayar shinkafa, sai ya sosa ƙeya ya ce daman wajen bikin wani direba suka biya. Tun daga nan ya ce ya auri ɗan sanda.

Akwai lungu jikin katangar gabas, can nake zama da yamma in yi bakace, in ware kowane iri, in surfa, in rege. Ina alfahari da regena. Ba wanda ya taɓa tauna tsakuwa a tuwona, surukata ma da ba ta yabon kowa ta yarda da wannan. Ita uwar mijina ce, tare muke zaune, Inna muke ce mata ni da shi.

Auta tana rarrafe aka kawo motar, tare suka tashi. Yayyenta biyu maza ne, da sun ga tsintsiya sai su tuna suna da karatu. Ita kuwa tana fara tafiya ta manne mini. Ubanta ya riƙa ɗaga ta yana sa ta cikin bodi, ni kuma na yanko tsintsiya na ɗaure mata 'yar ƙarama daidai hannunta. Bakinta ya buɗe da wuri, tun ba ta cika shekara biyu ba take kwaikwayon hon ɗin motar, in ta ji shi tun daga kwanar kasuwa sai ta ruga ta ɗauko tsintsiyarta. Muna da wani wasa ni da ita. Takan tsinci ƙwaya ɗaya ta ɗaga sama tsakanin yatsu biyu, ni kuma in yi kamar ban sani ba.

"Wanga mi na?" in ce.

"Wake!"

"Wanga hwa?"

"Gero!"

Ba ta taɓa kuskure ba, har maiwa tana bambanta ta da gero. In ina bakace a lungu ƙarƙashin faifan take zama, ƙura tana sauka a kanta tana ƙyalƙyala dariya, tana tsintar gyaɗa tana kaiwa baki.

Kada wani ya ɗauka mijina irin direban nan ne da ko me aka ba shi sai ya loda. A tasha har tsiya ake yi masa saboda tsantseni. Ba ya ɗaukar siminti. Ba ya ɗaukar duron mai, ba ya ɗaukar maganin feshi ko nawa za a ba shi, taki kuwa sai ya shimfiɗa tamfol biyu. In ya kai shanu, sai ya biya gulbi ya wanke bodi kafin buhu ya shiga. 'Yan kamasho sukan ce masa mota ce ko ɗakin amarya. Shi kuma amsarsa ba ta canzawa: abinci ke shiga motata, abin da ya zube kuma 'ya'yana ke ci.

Abin da yake kashe mai mota ɗaya ba gyara ba ne, tafiya wayam ce. Ka je da kaya ka dawo babu, mai ya ƙone, taya ta cinye, ba wanda ya biya wannan. In mijina zai shiga ƙauyuka ɗauko hatsi ranar kasuwa, rabin hanyarsa iska yake ɗauka. Wannan yana damunsa fiye da yadda yake faɗa.

Ana haka sai zinari ya tashi. Mutane suka cika ƙauyukan wajen Dareta da Sunke, wasu ko Hausarsu ba irin tamu ba ce. Injinan da muka sani da niƙan dawa suka koma niƙan dutse. Da rani ya yi, ruwa ya yi nisa, masu dutsen suka shiga neman motar da za ta kwashe musu buhunan garin dutse zuwa inda za su wanke. Hanyar kuma daidai inda mijina yake bi wayam. Ya sauke musu da hantsi, ya wuce ya lodi hatsi da azahar, sai ka ce don shi aka tsara.

Bai karɓa ba sai da ya kawo maganar gida. Muna zaune a tsakar gida ya faɗa, ya ce abin da yake tunani shi ne hatsin da zai shiga bayan dutsen. Inna tana jan carbi, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kai dai ka cika shakka," ta ce. "Dutse ba ƙasa ba na? Ƙasar da in ba ruwa da ita muka taimama mu yi salla? Yaushe ƙasa taz zama najasa?"

Ni kuma na ɗora nawa. Na ce ƙasa ai aikina ce, wace tsakuwa ce ta taɓa tsere wa ƙwaryata. Na ce in ma na rege na sami zinari a gindin ƙwarya, nawa ne, kada ya sa rai. Muka yi dariya mu uku. Mutumin da ya ƙi siminti ya ƙi maganin feshi, ya ɗauki garin dutse ko tamfol bai shimfiɗa ba, domin a saninmu duka ba abin da ya kai ƙasa tsarki.

Garin nan ba kamar ƙurar hanya yake ba. Ya fi laushi, ya fi nauyi, iska ba ta kwashe shi. Mijina yakan share bodi kafin a loda hatsi, amma tsintsiya saman take bi. Mahaɗun da na sa aka toshe su suka riƙe shi, ni kuma da safe in bi su da tsinke in fito da shi tare da gerona. Na lura kwanon shara ya ƙara nauyi, na lura ruwan rege yana yin toka-toka, sai na ƙara wanki ɗaya na ci gaba. Tuwona bai taɓa yin ƙasa ba. Auta kuwa tana nan inda take, cikin bodi da safe, ƙarƙashin faifai da yamma.

Kajina ne suka fara. Su suke kiwo a gindin motar, suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, na ce ciwon kaji ne ya zagayo. Sai Auta ta daina cin abinci. Ta riƙa riƙe ciki tana kuka, yarinyar da ba ta da rigima ta koma ko kallonta ka yi sai ta fashe. Muka ba ta maganin zazzaɓi. Inna ta ce haƙora ne, da abin ya ƙi ta ce iska ce, aka yi tofi aka yi hayaƙi.

A lokacin labari ya riga ya cika gari cewa yara suna mutuwa a Dareta da Tungar Daji da wasu ƙauyuka. Aka ce gubar dalma ce da ke cikin dutsen, aka ce a gidajen da mata suke daka shi suke niƙa shi abin yake. Mun ji, mun yi musu addu'a, mijina ya daina ɗaukar dutsen tun daga ranar. Amma ko sau ɗaya ban haɗa wannan da 'yata ba. Da na kai ta asibiti aka tambaye ni ko ana niƙa dutse a gidanmu, na ce a'a. Ko akwai mai haƙa a gidan, na ce a'a. Har da ɗan ɗaga kai na faɗa, ni malamar makaranta matar mai mota. Gaskiya na faɗa, kuma gaskiyar nan ta ci mana mako uku. Cikin makonnin nan ban fasa shara ba, garin kuma yana nan cikin katako.

Ranar da ta fara jijjiga da la'asar ne, ubanta yana Gummi da lodin albasa. Tana zaune kusa da ni sai na ga idanunta sun juye, jikinta ya sandare, sannan ya kama karkarwa. Na ɗauke ta na fita ko mayafi babu. Ban san wanda ya kai mu asibiti ba har yau, na dai san a kan babur ne. Likitocin da suka zo saboda yaran ƙauyuka suka ɗebi jininta. Da sakamako ya fito, wata ma'aikaciya 'yar ƙasarmu ta dawo ta sake yi mini tambayoyin nan guda biyu, na sake ba ta amsa iri ɗaya. Sai ta ce za su zo su ga gidan.

Bayan kwana biyu suka zo, na bar Inna a wajen yarinyar na biyo su. Mijina yana tsaye a zaure, ya dawo tun daren farko, albasar mutane ma wani ya ba ya ƙarasa da ita. Suna da wata na'ura da ake riƙewa a hannu a kafa bakinta a ƙasa ta nuna lamba. Suka gwada ɗakina, ba komai. Suka gwada madafa da bakin rijiya da tsakar gida, kaɗan ne. Har na fara jin sanyi a raina, ina cewa to kun gani. Sai mai na'urar ya isa lungun katangar gabas ya durƙusa. Ya duba, ya goge fuskar na'urar da hannun riga ya sake gwadawa, sannan ya kira ma'aikaciyar.

"Malama," ta ce da ni a hankali, "mi ake yi nan wurin?"

Faifaina yana jingine a wurin, 'yar tsintsiyar Auta tana kusa da shi. Na buɗe ƙofar baya na nuna musu motar. Da mai na'urar ya hau ya kafa ta a kan mahaɗar katako, bai ma kira kowa ba, sai ya sauko ya ce kada a bar yaro ya sake zuwa kusa. Na ji mijina a bayana yana innalillahi, yana maimaitawa kamar ya manta sauran.

Ma'aikaciyar ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce wankin da nake yi ya rage da yawa, shi ya sa mu manya da yayyenta abin bai kai mu ƙasa ba, ko da yake su ma sai da suka sha magani. Ta ce ƙurar ce, wadda take shaƙa da wadda take lasa a yatsu, kuma jikin ƙaramin yaro ya fi saurin sha. Ta ce ba laifina ba ne. Na gode mata, domin mutuniyar kirki ce, amma ita ba ta san wanda ya aika wa kafinta fura ba.

Mun daɗe a asibitin. Ɗakin cike yake da mata daga ƙauyuka, kowace da nata a cinya, ana ɓare ƙwayar maganin fitar da gubar ana zuba wa yaran a baki. Na ga waɗanda suka zo da goyo suka koma da zani a ninke. Saboda su ba na iya cewa Allah bai yi mini rahama ba, tawa ta rayu. Jijjigar ta ragu, ta fara karɓar kunu, ta zauna, daga baya ta miƙe. Ranar da na ga ta bi cokali da ido na roƙi wata mai jinya ƙwayar wake, na wanke, na ɗaga a gabanta.

"Wanga mi na?"

Ta kalli waken, ta kalle ni. Na sake tambaya. Na tambaya har matar da ke gadon kusa ta dafa ni ta ce in bari haka nan. Likita ya ce maganin yana fitar da gubar, amma abin da ta riga ta taɓa a ƙwaƙwalwa ba lalle ya dawo ba. Na ce ai bai san bakin yarinyar nan ba ne.

Kafin mu dawo gida an kankare ƙasar lungun da ta gindin dogon yaro an zuba sabuwa. Bodin kuwa mijina da hannunsa ya ɓamɓare shi, allo bayan allo, da ƙyalle a hanci. Maƙwabta suka yi ta aike, wannan yana son biyu ya yi benci, waccan tana son guntaye ta hura wuta, katako ne mai kyau. Ya hana kowa, har aka ce rowa ce. Ya kwashe su ya kai ramin da aka tanada don gurɓatacciyar ƙasa, ya tsaya har aka rufe. Faifaina da ƙwaryar regena da 'yar tsintsiyar nan duk suna cikin ramin.

Motar ta koma figaggiyar kaza ta yi wata da watanni a tsaye, sannan ya kai ta wajen masu walda. Abin da ya faɗa tun farko shi ya tabbata, ƙarfe ya raba shi da masu albasa da masu tumatir, masu shanu ma sai in sun rasa. Yanzu bulo yake ɗauka da kwanon rufi da itace, da hatsi in an samu. Ga hanya ta lalace da ɓarayin daji, sai ya zaɓi gajerar tafiya, ya fita da rana ya dawo da rana. Duk kayan da aka kawo masa sai an kwance bakin buhu ya gani. Masu dutse ba su daina nemansa ba, domin haƙa ba ta tsaya ba, shi kuma ko gaisuwarsu a tsaye yake amsawa. In ya sauke hatsi, a tasha yake sharewa ya wanke da bokitin nan guda da ya taɓa faɗa mini. Na san sharar yanzu ba ta da komai, na sani sarai. Amma ƙwaya ɗaya ba ta sake shiga tukunyata ba.

Sau ɗaya muka yi maganar mu uku tare, shekarar da Inna za ta rasu. Tana kwance ta kira mu ta ce mu yafe mata, ita ta ce ƙasa ba ta najasa. Mijina ya ce haba Inna, wa ya riƙe sitiyari. Na ce ku duka ku bari, wa ya ce katako, wa ya ce a toshe. Muka yi ta yi kamar masu ciniki, har tsohuwar ta yi murmushi ta ce to Allah shi ya san rabon kowa. Na yi imani da ƙaddara, ina kuma faɗa wa kaina haka kullum bayan salla. Sai dai imani bai hana ciwo ba, kuma ni har yau abin yana yi mini ciwo kamar jiya aka yi.

Auta yanzu ta fi ni tsawo. Sa'o'inta wasu suna sakandare, wasu ana shirin kai su ɗaki. Tana cin abinci da kanta, tana wanka in an tsaya mata, tana da fara'a. Kalmominta ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, Inna da Baba da ruwa, sai wasu da ni kaɗai nake ganewa. Abubuwa da yawa sun goge, amma hon ɗin motar bai goge ba. Da ta ji shi daga kwanar kasuwa sai ta miƙe ta nemi tsintsiya ta nufi ƙofar baya. Shekara da shekaru ina tare ta ina ƙwacewa. Takan yi kuka, ni ma in shiga ɗaki in yi nawa, gobe kuma mu sake.

Bana bayan girbi ubanta ya dawo daga Bukkuyum, ta ɗauko tsintsiya, na riƙe ɗaya bakin. Yana tsaye a ƙofar da makulli a hannu yana kallonmu.

"Bar ta," ya ce. "Na wanke ta da hannuna. Don Allah bar ta."

Na saki. Ta hau da kanta, ba ta bukatar a ɗaga ta yanzu. Ta fara daga gaba ta bi gefe-gefe zuwa baya, daidai yadda nake yi, har da durƙusawa a kusurwa tana neman mahaɗar da babu ita. Tsintsiyar tana ƙara a kan ƙarfe, ba abin da take tarawa. Can wajen ƙofar bodi ta tsaya ta sunkuya. Wani wake ne guda ya maƙale a bakin walda, ruwan bokiti bai fitar da shi ba. Ta ciro shi, ta juyo, ta ɗaga shi sama tsakanin yatsu biyu tana kallona tana jira.

Na san abin da take jira.

"Wanga mi na?"

Ta buɗe baki. Leɓɓanta suka motsa, ta kalli waken ta sake kallona. Na jira. Ubanta ya juya ya durƙusa a gindin taya yana latsa ta, tayar da ba abin da ya same ta. Na jira har hannunta ya fara gajiya.

"Wake na, ɗiyata," na ce.

Ta yi dariya ta miƙo mini shi, sannan ta koma ta ci gaba da shara.